Kada a Yi Garkuwa da Ni

Kocin da ya kai ni Amurka ya rasu a farkon shekarar nan, bayan ya shafe sama da shekara talatin yana horar da 'yan gudun dogon zango a jami'ar da na yi karatu. Ba zan ambaci sunansa ba, ba kuma zan ambaci makarantar ba, domin matarsa na raye, 'ya'yansa na raye, haka ma waɗanda suka fito daga hannunsa da tabo. Tun da aka sanar da rasuwar, tsofaffin ɗalibansa suka rabu gida biyu. Wasu na cewa uba suka rasa, wasu na cewa shi ya cinye musu ƙuruciya. Ni na ci abincin gidansa, na kuma ga abin da ya yi wa waɗansu da idona. Abin da na gani shi zan faɗa.

A Jos na tashi. Wanda ya san Filato ya san ƙasar 'yan gudu ce. Garin na bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, ga sanyi, ga hawa da gangara ta ko'ina, yaron da ya saba gudu a nan in ya sauka Kano ko Legas sai ya ji ƙirjinsa ya buɗe. Bayan sallar asuba mukan bi hanyar Bauchi mu dawo kafin lokacin makaranta, da yamma kuma mu haɗu a filin wasa na Rwang Pam da yaran Pankshin, waɗanda kamo su sai an yi da gaske. Takalmana na gwanjo ne daga kasuwar Taminus, inda mahaifina ke da shagon yadi. Rikicin Satumbar 2001 ya taɓa unguwarmu, a Fabrairun 2002 kuma kasuwar ta ƙone da shagon Baba a ciki. Daga ranar ba wanda ya ƙara ta da maganar jami'a a gidanmu.

A shekarar ce na yi gudun mita 5,000 a gasar wasanni ta ƙasa da aka yi a Benin. Ban ci lambar yabo ba, amma wani tsohon ɗan tsere da ya yi karatu a Amurka ya ga gudun, ya karɓi lokacina da shekaruna ya aika wa kocin. Hanyar ba baƙuwa ba ce ga 'yan Najeriya, ta nan su Innocent Egbunike da Yusuf Alli da Mary Onyali suka bi, sai dai su 'yan gajeren zango ne da tsalle. Kocin Amurka in yana neman ɗan dogon zango daga Afirka, Kenya yake dosa. Ɗauko yaro daga Jos kasada ce, kuma ya yi ta. Wata da watanni yana kiran wayar maƙwabcinmu, yana bi da ni takarda bayan takarda, sakamakon WAEC, jarrabawar SAT ta neman shiga jami'o'in Amurka, shaidar samun gurbi, har na fito daga ofishin jakadancinsu na Legas da biza a fasfo. Daren da zan tafi Baba ya zaunar da ni ya ce, "Mutumin nan ya zama ubanka a can. Ka yi masa biyayya, in ban da saɓon Allah."

Na sauka a watan Agustan 2003. Shi da kansa ya zo tarbata a filin jirgi, dogon Bature mai furfura, da agogon tsere rataye a wuya. Jami'ar na tsakiyar ƙasar, yankin gonakin masara, inda sanyin Janairu ke daskarar da gumi a gashin ido. Kafin dusar ƙanƙara ta fara zuba ya bi ofis-ofis har ya samo min rigar sanyi da takalma daga asusun taimakon ɗalibai 'yan wasa. Shekara biyu ke nan da harin 11 ga Satumba, baƙon Musulmi ba ya rasa mai hararar sa. Wata rana a kan hanyar zuwa gasa muka tsaya cin abinci, wani mutum ya ji an kira sunana ya yaɓa wata magana. Kocin ya miƙe ya ce kowa ya tashi. Ya biya kuɗin abincin da ko taɓawa ba mu yi ba, muka koma mota da yunwarmu. Bai taɓa ta da zancen ba bayan nan.

Ƙarfin da ke hannun mutumin nan daga tsarin wasan ya samo shi. Kakar gudun ratsa daji daga farkon Satumba take zuwa ƙarshen Nuwamba, a kan ciyawa da laka da tuddai. Maza kilomita 8 suke yi, a manyan gasannin ƙarshe kilomita 10, mata kuma kilomita 6. Kowace makaranta ta sa mutum bakwai, a lissafa matsayin biyar ɗinta na farko: wanda ya zo na ɗaya maki 1, na ashirin maki 20, a tara, mai ƙarancin maki shi ya ci. Saboda haka na biyar ɗinku na da nauyi kamar na ɗayanku, koci kuwa ba ya son jin cewa ɗaya daga cikin biyar ɗinsa na jinya. A wancan lokacin NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta ƙayyade wa kowace babbar jami'a kuɗin da ya kai cikakken tallafin karatu na mutum 12.6 ga maza da na mutum 18 ga mata, na dukkan 'yan guje-guje da tsalle-tsalle, koci ne ke yanyanka shi ya raba, wannan rabi, wancan rubu'i. A zamaninmu kuma na shekara ɗai-ɗai ne. Kafin 1 ga Yuli takarda za ta iso ka, ko an sabunta, ko an rage, ko an janye. In kana son komawa wata makaranta, sai taka ta ba da izini kafin wani koci ya ko yi magana da kai, kuma sai a 2018 aka sauya wannan doka. Ɗan ƙasa in aka janye masa tallafi, bashi zai ci ya ƙarasa. Baƙo irina kuwa bizar ɗalibi ba ta yarda ya yi aikin da ya wuce awa 20 a mako ba, shi ma a cikin makaranta. Janye tallafi a wurinmu sallama ce zuwa gida.

Azumin 2003 ya kama a ƙarshen Oktoba, daidai lokacin gasannin da ake shekara ana jira. Muna gudun mil 80 zuwa 90 a mako a lokacin. Da na gaya masa ba ci ba sha daga ketowar alfijir zuwa faɗuwar rana har wata guda, fuskarsa ta yi jawur. Ya ce, "Ɗana, ban ɗauko ka daga wata uwa duniya don ka kashe kanka da yunwa a makon gasa ba." Na ce, "Koci, wannan ba a hannuna yake ba." Ya juya ya tafi. Ya daina yi min magana, har na fara tunanin abin da zan gaya wa Baba in aka koro ni.

Sai ya kira ni ofis. Ashe ya je ƙaramin masallacin ɗalibai ya karɓo jadawalin lokutan salla, ya ja layi a ƙarƙashin magaribar kowace rana. An riga an mayar da agogo baya, rana na faɗuwa wajen ƙarfe biyar. Ya ce atisaye mai tsanani bayan na sha ruwa zan riƙa yi, ni kaɗai. Haka kuwa aka yi. Sauran su gama su watse, in yi buɗa-baki da dabino da ayaba, in yi salla a ɗakin canja kaya, in fito in tarar da shi tsaye a bakin fili cikin sanyi, ya haska layin da fitilun motarsa, yana kiran lokacin kowane zagaye da muryar nan tasa mai kaushi. In na gama ya miƙo min kular abincin sahur da matarsa ta aiko, matar da tun lokacin nake kira Mama. Ranakun gasa a wani gari kuwa, limamin masallacin ya tuna min da rangwamen matafiyi, na sha na rama bayan Salla. Azumi ya ci gaba da faɗowa cikin kakar a 2004 da 2005 da 2006, yana matsowa da kimanin kwana 11 duk shekara, kuma duk shekara dattijon nan na tsaye a bakin fili da daddare alhali abincinsa na hucewa a gida. Wannan ya faru. Ba mai iya cire min shi daga zuciya, ban kuma taɓa ba da labarin ba tare da muryata ta yi rawa ba.

A wannan ginin dai, kowace safiyar Litinin, ana fito da sikeli. Maza da mata duk muna hawa, amma ba ɗauka ɗaya yake mana ba. Namiji ya hau, ya rubuta, shi ke nan. Mace in ta hau sai ya ɗaga murya ya faɗi nauyin kowa na ji, in ta ƙaru ko da laba biyu ce ya bi ta da magana. Yakan ce duk labar da aka rage, daƙiƙoƙi aka rage a tsere. In muna kan tafiya yakan zagaya teburin mata yana leƙa faranti. Na ga yarinya 'yar shekara 18 ta mayar da burodi cikin kwando saboda ya tsaya a bayanta.

Akwai wadda muka shiga shekara ɗaya, 'yar manoma ce, mai yawan fara'a, ita ke gyara min Turancin rubutuna kafin in miƙa wa malamai. A shekararmu ta farko ita ce kan gaba a mata. Ta rame, gudunta ya ƙaru, ya riƙa nuna ta yana cewa sauran su yi koyi. A shekara ta biyu ƙashin ƙaurinta ya tsage. Ta yi jinya ta dawo, na tafin ƙafa ya tsage. A ta uku ƙashin cinya ne ta wajen ƙugu, sai da aka yi tiyata aka sa ƙusoshi. Ranar da ta zo fili tana dogara sanduna bai ɗaga kai daga takardar hannunsa ba, kuma takardar Yuli da janyewa ta zo mata. Shekaru bayan haka ta gaya min cewa ta fi shekara biyu ba ta ga al'adarta ba a wancan lokacin, da ta sanar da shi kuma cewa ya yi alama ce jiki ya shirya gasa. Yau tana da shekara arba'in da 'yan kai, likita ya ce mata ƙashinta na tsohuwa ne.

Masu kare shi na cewa zamanin ne, haka kowa ke yi. Ban yarda ba. Tun 1992 likitocin wasanni a Amurka suka bayyana yadda abubuwa uku ke ɗaure da juna a jikin 'yan wasa mata: ƙarancin abinci, ɗaukewar al'ada, da zaizayewar ƙashi. In jiki bai sami abincin da ya kai aikin da ake ɗora masa ba, sai ya dakatar da abin da zai iya jira, sinadarin jikin mace da ake kira estrojin ya yi ƙasa, ƙashi ya daina ginuwa a shekarun da ya kamata a ce ya fi ginuwa. An fi shekara goma da sanin wannan kafin mu shiga makarantar. Mutumin da ya taka har masallaci ya nemo lokacin magariba saboda ɗalibi ɗaya, da ya so sani, ofishin likitan makaranta ya fi masallacin kusa da shi.

Ba mata kaɗai ba ne. Abokin ɗakina ɗan Kenya ne, ya fi ni gudu nesa ba kusa ba. Agararsa ta kumbura, kocin ya ce ciwon a kai yake, ya ci gaba da gudu har ya kasa taka ƙasa. Aka rage masa tallafi zuwa rabi. Ya nemi izinin neman wata makaranta, aka hana. Saura shekara guda ya gama digiri ya tattara kayansa ya koma gida, ni na riƙe masa jaka zuwa tashar bas. Shi ma a filin jirgi aka tarbe shi da ya zo, shi ma an samo masa rigar sanyi.

Abin da ya raba ni da su guda ne: Allah ya ba ni ƙashin da ya ɗauki aikin. Kaka bayan kaka ina cikin biyar ɗinsa. Na sha tambayar kaina ko fitilun motar nan za su haska min da a ce ni ne na zo fili da sanduna. Ya ƙaunaci masu kawo maki da zuciya ɗaya, ban taɓa shakkar wannan ba, amma wanda ya karye sai ya zama kamar bai taɓa sanin sa ba. Mafi yawan masu yabonsa a yau, in ka duba, waɗanda suka kai ƙarshe lafiya ne. Waɗanda suka karye tun tuni suka daina zuwa taron tsofaffin ɗalibai, shi ya sa aka daɗe ana jin murya ɗaya.

Na gama a 2007. Ranar bikin shi da Mama suka zauna a kujerun iyayena, ya kira Baba a waya, ina tsaye ina yi musu tafinta. Da digirin nan na sami aiki, na sake buɗe wa Baba shago, ƙannena suka yi jami'a. Duk wanda ya ci daga wannan arziƙi a gidanmu, akwai hannun mutumin nan a ciki.

A Nuwamban 2019 Mary Cain, wadda tun tana 'yar sakandare ta girgiza Amurka da gudu, ta fito a jaridar New York Times ta faɗi abin da ya same ta a ƙungiyar Nike Oregon Project a ƙarƙashin kocinta Alberto Salazar. Ta ce ana auna nauyinta a gaban abokan gudu, al'adarta ta ɗauke shekara uku, ƙasusuwa biyar suka karye. Salazar ya musanta da yawa daga cikin zarge-zargen, a 2021 kuma cibiyar SafeSport, mai kare 'yan wasa daga cin zarafi, ta haramta masa horarwa har abada. Maganar Cain ta buɗe bakuna a makarantu da yawa, har da tamu. Matan da suka yi gudu a hannun kocinmu a zamunna daban-daban, waɗanda da yawansu ba su ma san juna ba, suka fara kiran juna, kowacce ta gano ba ita kaɗai ba ce. Suka rubuta wa makarantar takarda. Ba a jima ba aka ce ya yi ritaya, aka yi masa liyafa, ba a kuma fitar da wani rahoto ba.

A kwanakin ya kira ni. Muryarsa ta tsufa. Ya ce, "Ɗana, kai ka san ni. Ka gaya musu ko ni wane ne." Na ce, "Koci, abin da ka yi min zan faɗe shi a gaban kowa har in mutu. Amma ina wurin ranakun Litinin, na ga sikelin." Ya yi shiru, can ya ce shi zakaru ya so ya mayar da su, ba kowa ke iya ɗauka ba. Muka ci gaba da gaisawa lokacin bukukuwa, amma bai ƙara ta da maganar ba, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai nemi afuwar ko ɗaya daga cikinsu ba. Na so ƙwarai a ce ya nema.

Bayan rasuwarsa wasu tsofaffin ɗalibai suka kafa kwamiti, suna tara kuɗi don a sa wa filin tseren sunansa. Matan suka ce ba su yarda ba. Sai ga ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ya turo min saƙo, yana so in zama babban mai jawabi. Bai ɓoye dalilin ba. Ya ce labarin baƙon Musulmi da fitilun mota shi zai toshe bakin masu surutu. Na san abin da ake jira daga gare ni, an ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amma ba shi ake so in yi wa askin ba, mutuncin waɗansu ake so in aske.

Na kira Baba, wanda yanzu ya manyanta, na zayyana masa komai, har da abin da ban taɓa gaya masa ba. Ya daɗe bai ce uffan ba. Sannan ya ce, "Annabi ya hana zagin matattu, sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Kada ka zage shi, kada ka bari a zage shi a gabanka. Amma Allah ya ce kada ku ɓoye shaida. Yarinyar nan da ke gyara maka karatu, ita ma tana da haƙƙi a kanka."

Na ƙi jawabin, na rubuta wa kwamitin da shugabannin makarantar takarda. Na sa labarin azumi dalla-dalla, da gidan cin abincin nan, da ranar bikin gama karatu. Na sa sikelin, da sandunan, da tashar bas. Na ce ban goyi bayan sa sunansa a filin ba, domin a filin ne aka yi wa waɗansu abin da har yau suke jinya, kuma 'yan mata masu shekara 18 za su ci gaba da shigowa suna karanta sunan da ke bisa ƙofa don su gane abin da makarantar ke girmamawa. Na nemi a juya kuɗin da aka tara a ɗauki likita da masanin abinci waɗanda koci ba shi da iko a kansu, a kuma nemo waɗanda aka janye wa tallafi saboda rauni a ba su damar ƙarasa digiri, abokin ɗakina na ciki. Na roƙi kada wani ya ƙara ba da labarina don a nuna cewa matan ƙarya suke yi. Alherin da ya yi min nawa ne, ban ba kowa aron sa ya yi garkuwa da shi ba.

Wasu da muka yi gumi tare sun daina amsa gaisuwata. Ɗaya ya kira ni butulu, kalmar ta yi min zafi ƙwarai, domin a tarbiyyar da na samu babu abin kunya kamar ta. Makarantar har yanzu ba ta yanke hukunci ba.

Wadda na fi jin nauyi ita ce Mama, shi ya sa na aika mata takardar kafin kowa ya gani. Ta kira ni bayan wani lokaci. Ta ce ta karanta tawa, ta karanta ta matan, wadda tun 2019 take ajiye a durowar mijinta ba ta taɓa buɗewa ba. Ta ce ta tuna yarinyar, ta sha cin abinci a teburinta, kuma a lokacin ta lura ba ta cin komai sai ganye. Ta yi kuka, ni ma na yi. Ba ta ce ta yarda da ni a kan maganar filin ba, mijinta ne na fiye da shekara hamsin. Amma ta ce, "Ɗana, ka samo min lambarta, ina so in yi magana da ita." Na ce sai na tambaye ta tukuna. Na kira abokiyar karatun tawa na gaya mata. Ta ce ta gode, amma ba yanzu ba, in lokacin ya yi ita za ta nemi lambar Mama a wurina. Na koma na isar wa Mama saƙon yadda aka ba ni shi, ta ce za ta jira.